Shagon Gwadabe Mai Kaset

Assalamu alaikum masu bibiyata. Tun da na fara ba ku labarin aurena da Nu'uman nake ganin abin da wasunku ke rubutawa a ƙasa. Wata ta ce gata ne ya yi min yawa. Wata ta ce a wannan zamanin da miji ya yi tsada ni na tsaya rigima a kan tsofaffin robobi. Duk na gani, kuma ban goge ko ɗaya ba. Yau zan faɗa muku abin da ya faru ranar da aka kawo lefena, in kun gama karantawa mai zagi ta ci gaba.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Shamsiyya, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Haɗeja. Babana shi ne marigayi Malam Gwadabe Mai Kaset na unguwar Dubantu. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ɗaukar waƙa yana sayarwa a wani ɗan shago da ke manne da zauren gidanmu. Ba sari kawai yake yi ba. Rikoda mai batir yake ɗaurewa a bayan babur ya nufi Guri, ya nufi Miga, ya bi ƙauyukan bakin ruwa, ya zauna da masunta da makaɗan gayya da tsofaffin mata masu waƙar daɓe, ya ɗauki muryarsu ya dawo. Kowane kaset da hannunsa yake rubuta sunan mai waƙar da garinsu da shekara, da shuɗin biro. Sun haura dubu biyu. A kantar sama kuma akwai faya-fayan garmaho sittin da uku, baƙaƙe masu nauyi, waɗanda ya dinga saya a hannun dattawa, kowanne cikin rigarsa ta takarda.

Shekarar da ambaliya ta shigo mana har tsakar gida, waɗannan kayan Baba ya fara ɗorawa a ka ya hau da su saman soro, katifar Ummi da buhun shinkafarta suna cikin ruwa. Har ya rasu Ummi ba ta daina yi masa gori ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, kuma ni ya damƙa wa mukullin shagon yana kwance. Duk Juma'a nake buɗewa in share, in goge fumfuna, in juya wasu da biro don kada zaren ya manne.

Shi kuwa Nu'uman abokin yayana Abdulmannan ne, yana da shagon wayoyi da kayan sola a kasuwa. A watan Janairu ya zo ya sa mana sola, har na buɗe masa shagon Baba don ya ratsa da waya. Bayan ƙaramar Sallah ya fara zuwa zance. Ba wanda ya yi min dole, ni na ce ina so. Dogo ne, yana da fara'a, ga iya magana, ƙamshinsa yana riga shi shigowa zaure. An sa rana, saura sati biyar.

Rigimar ta tashi ne ranar Laraba da Gwaggo 'Yar'azumi, yayar Baba, ta iso daga Jahun da jarkar man gyaɗa da buhun gero na gudummawa. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya tsakar gida tana ƙare wa ɗakunan kallo.

"To ina za a jibge akwatuna da kayan ɗakin amarya? Gidan nan ko kaza ba ta da wurin kwana."

Ummi tana tankaɗe ta ce, "Ga shago can, Yaya. Sai dai mai mukulli ta hana."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Wai har yanzu tarkacen nan suna nan? Ke Shamsiyya ba kya tausayin ubanki? Bawan Allah yana kwance a kabari kin bar masa kiɗe-kiɗe a ɗaki ana rubuta masa zunubi?"

"Gwaggo, ba wanda yake kunnawa sai ni. Kuma yawanci waƙar noma ce da ta masunta."

"Ji min yarinya! Da akwai kiɗan halak ne? A fito da su a cinna musu wuta, a huta."

Yaya Abdul yana bakin rijiya yana wanke takalmi, ya ce, "Ai na gaji da faɗa, Gwaggo. Wa ke da rikoda yanzu? Ko kyauta ka ba mutum sai ya tambaye ka a ina zai sa. Da tuni na zuba firiza a shagon nan ina sayar da ƙanƙara."

Na ce, "Ni Baba ya ba wa mukulli."

"Mukulli ya ba ki, ba shago ba."

Ummi ta buga rariya a kan tire har gari ya tashi. "Ni dai na sha wahalar kayan nan a hannun ubanku, ba zan sha a hannunki ba. Ranar Asabar za a kawo lefe, ki san inda za ki kai su."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ina ji Gwaggo tana cewa taurin kan Gwadabe ne sak, in ban yi hankali ba ko wata uku ba zan yi a gidan miji ba.

Bayan la'asar Nu'uman ya zo. Na sa doguwar riga ta atamfa ruwan toka da mayafi baƙi, ban ko shafa hoda ba, so nake ya ga raina a ɓace. Shi kuma ya sha farar shadda da hula zanna, yana zaune a zaure yana kaɗa mukullin mota. Na zayyane masa komai, ina jiran ya ce kada in damu, ga ɗaki a gidanmu na aure.

Dariya ya yi.

"Haba amaryata. A kan wannan bolar kike ɓata fuska?"

"Bola?"

"To mene ne? Duk waƙar duniya tana cikin wayar da na saya miki. Kaset fa, Shamsiyya! Ko mai gwangwan ba ya saye. Ki kawo mukullin, akwai masu narka roba, sai in sa a kwashe muku kyauta, har da baƙaƙen faya-fayan nan na sama."

"Waɗannan waƙoƙin ba sa cikin waya. Masu su sun mutu, ba wanda ya ɗauke su sai Baba."

"To in da suna da amfani ai da wani ya nema." Ya gyara hula. "Kuma bari in faɗa miki tun yanzu, gidana ba a kai min ƙura da kyankyaso."

Na tashi ko sallama ban yi masa ba. Ina shiga ɗaki saƙonninsa suka fara shigowa.

"Kin tafi kin bar ni a zaure kamar wani maroƙi."

"Mace mai tarbiyya ba ta yi wa mijin da za ta aura haka."

"Ki kawo mukullin nan gobe a wuce wurin."

Na rubuta masa, "Ba zan bayar ba."

Ya turo, "Za mu gani."

Masu karatu, wallahi a lokacin na ɗauka zafin rai ne irin na maza. Na ma kwanta ina tunanin ko na yi masa rashin kunya.

Ranar Asabar da sassafe Ummi ta tashe ni da wata irin murya mai taushi da rabon in ji ta tun ina 'yar firamare. Ta ce amarya ba ta zama a gida ranar lefe, in tafi gidan ƙawata Hafsat a yi min kitso, sai magariba in dawo. Har kuɗin adaidaita ta ba ni. Na taɓa mukullin da ke ɗaure a bakin zanena, na ji yana nan, na fita hankali kwance.

Azahar ta wuce, Hafsat ta kitse min rabin kai, sai wayata ta yi ƙara. Iya Yagana ce, maƙwabciyarmu mai sayar da bandar kifi, wadda tagarta ke kallon ƙofar shagon.

"Shamsiyya, ke kika ce a kwashe kayan babanki?"

Na miƙe tsaye, tsinken kitso ya faɗi. "Wane kaya, Iya?"

"Tun hantsi yayanki ya fasa kwaɗon da guduma. Shi da angon naki suka loda buhuna a akori-kura. Na yi ta kiranki wayar ba ta shiga. Na ji direban yana tambaya ko gonakin bayan jinga za a kai."

Ban san lokacin da na zura hijabi a kan rabin kitso ba. Hafsat tana kirana ina gudu. Na tari adaidaita na ce hanyar jinga, ko ciniki ban yi ba. A hanya na kira Nu'uman sau shida, yana kashewa. Na kira Ummi, ta ɗauka ta ce, "Ni na ba da izini. In kin isa ki zo ki dake ni," ta kashe.

Watan Satumba ne, kogi ya cika ya yi jawur, saura kaɗan ya taɓa bakin jinga. Maza suna ta cika buhuna da ƙasa suna jerawa inda ruwa ke neman ɓallewa. Mai adaidaita ya ce iyakarsa nan. Na sauka na bi kan jingar da ƙafa, taɓo yana cafke min takalmi, har ɗaya ya tsinke na cire duka na riƙe a hannu.

Daga nesa na fara jin ihun masu korar tsuntsu da bugun gwangwani. Shinkafa ta fara nuna, jan-baki sun sauko garke-garke kamar hayaƙi. Sai na hango wani abu yana walƙiya a saman gonakin, layi-layi daga wannan kara zuwa wancan, iska tana kaɗa shi yana wani siririn kuka.

Zaren kaset ne.

A gindin wata bishiya ga buhuna nan a zube, biyu an farke, ga ɓawon kaset tsibi guda an zare cikinsu. Wani dattijo baƙi mai furfura a gemu, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana zaune ya sa tsinke yana jawo zaren wani yana naɗewa a hannu.

"Malam, tsaya! Don Allah tsaya!"

Ya ɗago a fusace. "Ke kuma daga ina? Kada ki tattake min shinkafa!"

"Kayan babana ne! Wa ya ba ku?"

"Wani yaro mai mota ne ya kawo, ya ce bola ce, duk mai so ya ɗiba. Mu kuwa nema muke, tsuntsu na tsoron ƙyallinsa. Kin san buhu nawa jan-baki suka cinye min bara? Ki matsa, yarinya, ba ni da lokacin kuka."

Wasu manoma biyu suka matso suna kallona. Ɗaya ya ce, "Malam Buba, rabu da ita, 'yan birni ne, ba su san yunwa ba."

Raina ya gama ɓaci. Na durƙusa cikin taɓo na dinga ɗaukar ɓawon nan ɗaya bayan ɗaya ina karanta rubutun Baba da ƙarfi.

"Wannan matan Miga ne, waƙar daɓe! Wannan makaɗan gayya ne! Kun san su? Duk sun mutu! Wannan Gambo Mai Komi ne, Guri, waƙar masunta, shekarar tamanin da tara..."

"Me kika ce?"

Dattijon ne. Tsinken ya faɗi daga hannunsa.

"Sake karantawa."

Na sake. Ya miƙo hannu na ba shi ɓawon. Ya juya shi gaba da baya, ga alama ba ya karatun boko, ya leƙa ciki ya ga wayam.

"Gambo Mai Komi ubana ne," ya ce a hankali. "Ina saurayi wani mutum ya zo da rikoda a kan babur, suka zauna a bakin ruwa har rana ta faɗi. Shekara ashirin da shida da rasuwarsa. Ko hotonsa ba mu da shi." Ya dubi gonar, zare ya fi ɗari yana lilo a kan kara. "Wanne ne nasa a ciki?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Duk kamarsu ɗaya."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Tsuntsaye suka sauka a gefen gonarsa suna ci, bai ko ɗaga hannu ba. Wanda ya ce ban san yunwa ba ya sunkuyar da kai ya koma gonarsa.

Daga baya Malam Buba ya tashi ya ɗaure bakin sauran buhunan, guda bakwai, ya ce duk wanda ya sake taɓa su sai dai su yi shari'a, zai kai su gidansa ya ajiye min a kan gado. Na duba ciki ina neman faya-fayan garmaho, ban ga ko ɗaya ba. Na tambaye shi.

"Baƙaƙen nan masu faɗi? Ai bai sauke su ba. Suna gaban mota a cikin kwali, ya naɗe su da bargo. Da direba ya jingina da kwalin har tsawa ya daka masa."

Masu karatu, ku riƙe wannan. Bolar da ya ce ko mai gwangwan ba ya saye, ita ce a gaban mota cikin bargo.

La'asar ta yi lokacin da na isa shagonsa a kasuwa, ƙafa ba takalmi, hijabina duk taɓo. Shago ne mai gilashi ta ko'ina, fitilu farare, wayoyi jere cikin akwatin gilashi. Yana zaune shi kaɗai yana danna waya. A kan teburin bayansa ga kwalin, ga bargon.

Da ya gan ni ya zabura, sai kuma ya ɗaure fuska.

"Mene ne haka? Kin ga yadda kike kuwa? Yau fa dangina ke kai lefe gidanku."

"Ba ni faya-fayan babana."

"Ki rage murya, kasuwa ce nan."

"Ka ce bola ce. Me bola take yi cikin bargo?"

Ya ja tsaki ya zagayo ya turo ƙofa. "To tunda kin gani, zauna in yi miki bayani kamar mai hankali. Kaset bola ce, na faɗa na kuma. Ba mai saye, ko a Kano ko a Legas. Amma waɗannan akwai wani Alhaji Mala a Kano da ke tura su ƙasar waje, Turawa ke tara su. Kusan miliyan biyu ya taya. Akwai guda ɗaya mai jan tambari, shi kaɗai dubu ɗari huɗu. Da na faɗa miki za ki yarda? Kina zaune a kan dukiya kina goge mata ƙura duk Juma'a!"

"Dukiyar wa?"

"Ta gado. Kuma Abdulmannan ya amince, rabonsa ya ninka naki, in kin manta. Ni da shi muka yi magana. Abin da ya samu ai gidanmu zai shiga, ke za ki ci."

"Su kuma muryoyin da ka zubar a gona?"

"Muryar matattu ce za ta saya miki gado da kujeru?"

Ya ga ina kallonsa, ya ɗauka lissafin ne ya fara shiga kaina. Sai ya saki fuska, ya buɗe wayarsa ya miƙo min. "Duba da idonki, kada ki ce ƙarya nake. Ga abin da Alhajin ya rubuto jiya."

Na karɓa. Gaskiya ne, ga farashin nan. Amma yatsana bai tsaya nan ba. Na ja hirar sama. Ya miƙo hannu zai karɓe, na juya masa baya na ci gaba da ja, har na kai farkonta.

Hoton kantar Baba ne, an ɗauka a karkace, ga jelar wayar sola a gefe. Sha huɗu ga Janairu, ranar da na buɗe masa shago. A ƙasa Alhajin ya rubuta, "Kai, waɗannan na gaske ne. Za su sayar?" Nu'uman ya amsa, "Yayan ya yarda, amma mukulli yana hannun ƙanwar, kuma an ce ta fi dutse tauri." Alhajin ya turo fuskar dariya ya ce, "Budurwa ce?" Ya ce, "Eh." Ya ce, "To ai ka san hanya."

Amsar Nu'uman kalma huɗu ce. "Bar ni da ita."

Na karanta masa da ƙarfi, har da kwanan wata. Ya fizge wayar.

"Wasa ne irin na maza! Haba Shamsiyya, a kan faifai zan kashe kuɗin lefe? Ki yi tunani mana. To, da farko don su na fara zuwa, na yarda. Amma daga baya wallahi son ki na yi. Ki tambayi kowa."

Ga abin da ya fi ba ni haushi da kaina: zuciyata ta so ta yarda. Na tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ya kawo min kankana har sau biyu. Na tuna yadda yake kiran sunana. Idona ya cika da hawaye, na rasa wanne ne gaskiya a cikin wata shidan nan.

Na zagaya teburin na yaye bargon. Mai jan tambarin ne a sama, ya ware shi daban cikin tawul. Na zaro shi daga rigarsa. Irin tsofaffin nan ne da in suka faɗi suke tarwatsewa kamar tangaran, Baba ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi in ya riƙe su.

"Ke! Ajiye wannan!"

Na ɗaga shi sama da yatsu biyu. Allah ya sani ba niyyar fasawa nake ba, kayan Baba ne. So nake kawai in ga fuskarsa.

"Ka ce ni kake so. To in wannan ya fashe yanzu, za a ɗaura auren?"

"Shamsiyya, ba na son hauka."

"Amsa za ka ba ni."

"Na ce ki ajiye!"

Hannuna duk gumi da taɓo. Faifan ya sulɓe.

Nu'uman ya yi tsalle. Kafaɗarsa ta bangaje ni na tafi da baya na faɗa kan akwatin gilashin wayoyi, gilashin ya fashe, na ji wani zafi ya ratsa min damtse. Na zube ƙasa. Da na buɗe ido, jini yana bin hannun hijabina yana ɗiga a kan tayil.

Shi kuwa yana durƙushe a gabana, ya cafe faifan da hannu biyu. Ya ɗaga shi saitin fitila yana juyawa, yana hure shi, yana duba ko ya tsage.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Bai yi komai ba."

Sai da ya mayar da shi cikin tawul ya lulluɓe, sannan ya waiwayo ya gan ni.

"Subhanallahi, kin ji ciwo? Kin ga abin da kika jawo ko? Ga gilashina ma..."

Na tashi da kaina. Ya miƙo hannu, na ce in ya taɓa ni sai na tara masa kasuwar nan kaf. Na ciro wayar da ya saya min, na zare layina, na ajiye masa ita a kan fasasshen gilashin. Na ce faya-fayan kuma gado ne da ba a raba ba, in ya kai su Kano kafin a zauna, ni da shi sai gaban alƙali.

"Ki je ki huce," ya ce da ni ina fita. "An riga an buga kati. Ba inda za ki."

Wani mai kemis a bakin kasuwa ya wanke min ciwon ya naɗe da bandeji, yana ta tambaya ko haɗari na yi. Na ce eh.

Tun daga bakin layinmu na jiyo guɗa. Motoci biyu a ƙofar gida, ɗaya an buɗe bayanta ana sauke akwatuna ruwan zuma masu sheƙi. Shagon Baba a buɗe, an share shi tas, an shimfiɗa sabuwar leda, har an jera akwati uku a inda kantar kaset take. Yaya Abdul yana tsaye yana nuna inda za a ajiye na huɗu. Da ya ga hannuna ya buɗe baki, na wuce shi.

Tsakar gida cike da mata, leshi da gwala-gwalai, ƙamshin turaren wuta da na soyayyen kaji. Gwaggo 'Yar'azumi tana tsakiya ta ɗaga wata atamfa tana yabawa. Hajiya Falmata, ƙanwar mahaifiyar Nu'uman, wadda ta jagoranci kawo kayan, tana kan kujera tana fifita da mayafi. Na yi sallama. Guɗar ta yanke.

Ku ƙiyasta abin da suka gani: amarya ba takalmi, taɓo har gwiwa, hijabi ya zame rabin kitso a waje, jini ya bushe a hannu.

Ummi ta taso da sauri ta damƙe ni daidai kan ciwon, ta sa bakinta a kunnena. "Ki wuce ɗaki ta baya. In kika kunyata ni a gaban mutanen nan, wallahi ban yafe miki ba."

Ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Na dube ta, na ga tsoro ne fal a idonta, ba faɗa ba. Na zare hannuna a hankali, na taka har gaban Hajiya Falmata, na durƙusa kamar yadda aka koya min, na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bandejin.

"Lafiya, 'yata? Me ya same ki haka?"

Na ce, "Hajiya, ɗanku zai yi muku bayani. Amma don Allah ki aika a faɗa wa masu sauke kaya su dakata. Sauran akwatunan su bar su a mota."